Kayan Azurfar Ingila: Yadda Hatimi Da Sunan Maƙeri Suka Fi Nauyin Ƙarfe Tsada

A watan Yuli na shekarar 2013 ne kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin Landan ya sayar da wata butar gahawa ta azurfa a kan kuɗi kusan fam miliyan 4.5. Butar, wadda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, wani maƙeri ne mai suna Paul de Lamerie ya ƙera ta a shekarar 1738 domin wani attajirin Landan, Sir John Lequesne.

Shekaru uku kafin nan, wato a watan Yuli na 2010, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani ƙaton daro na azurfa wanda nauyinsa ya haura kilo 70, ƙirar Philip Rollos, wanda aka yi wa Lord Raby, jakadan Sarauniya Anne a Berlin, domin sanyaya kwalaben abin sha a wajen liyafa. An sayar da shi fam miliyan 2.5. Da za a narka daron a sayar da ƙarfen bisa farashin kasuwa na wannan wata, da abin da za a samu bai kai fam 40,000 ba.

Waɗannan alƙaluma sun isa su nuna cewa a cinikin tsofaffin kayan azurfa na Ingila, ƙarfen da ake ɗorawa a kan ma'auni shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai saye yake biya. Mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a kan waɗansu 'yan ƙananan hatimai da aka buga a gindin kayan, waɗanda kowannensu bai fi ƙwayar dawa girma ba. Su ne suke shaida wa mai saye tsarkin azurfar, da garin da aka gwada ta, da shekarar da aka yi gwajin, da kuma wanda ya ɗauki alhakin aikin. Tarihin waɗannan hatimai ya haura shekara 700, kuma a kansu ne aka kafa amanar da take riƙe da kasuwar har yau.

Faranti A Matsayin Asusu

Kafin a kafa Bankin Ingila a shekarar 1694, kai har ma shekaru da dama bayan haka, manyan gidajen ƙasar sun ɗauki kwanuka da farantai da cokulan azurfa a matsayin ajiyar dukiya. Idan mai gida ya samu rarar kuɗi sai ya kai wa maƙeri, a mayar masa da su kayan tebur, ya ci abinci a ciki, baƙi kuma su ga arzikinsa. Idan rana ta ɓaci sai ya mayar da kayan a narka, su koma tsabar kuɗi. Saboda haka ne takardar biyan da maƙeri yake rubutawa take raba kuɗin gida biyu, na nauyin azurfa daban, na aikin hannu daban, kuma sau da yawa kuɗin ƙarfen ne yake rinjaye.

Wannan ɗabi'a ita ce ta sa kayan da aka ƙera kafin shekarar 1660 suka yi ƙaranci ƙwarai. A lokacin yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki, ɓangarorin biyu sun tattara kayan azurfa daga hannun magoya bayansu sun narka domin biyan sojoji. Kwalejojin jami'ar Oxford sun miƙa wa sarki mafi yawan abin da suka mallaka a 1643, aka buga kuɗi da shi a cikin garin. Ban da yaƙi, sauyin yayi ma ya cinye kaya masu yawa, domin magaji yakan mayar da farantan kakansa ga maƙeri a sake masa su bisa salon zamaninsa.

Har ila yau, daga cikin shagunan maƙeran zinariya da azurfa ne harkar banki ta Landan ta tsiro. Bayan da Sarki Charles ya ƙwace dukiyar da fatake suka ajiye a gidan buga kuɗi na gwamnati a 1640, sai 'yan kasuwa suka koma ba maƙera ajiya, tun da su ne masu ɗakunan ajiya masu ƙarfi. Takardun shaidar ajiya da maƙeran suke bayarwa suka shiga yawo hannu zuwa hannu a madadin tsaba. Bankin Hoare, wanda ya faro a 1672, da bankin Coutts, wanda ya faro a 1692, duka biyun maƙera ne suka kafa su, kuma suna nan suna aiki.

Dokar 1300 Da Hatimai Huɗu

Tun da kayan tebur da tsabar kuɗi suna shiga cikin juna haka, wajibi ne su zama ma'auni ɗaya. Azurfa zalla tana da laushi, cokalin da aka yi da ita kaɗai ba zai daɗe bai lanƙwashe ba, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe. A nan ne ƙofar ha'inci take, domin ido ba ya iya bambanta azurfar da aka zuba wa jan ƙarfe daidai da wadda aka zuba wa fiye da ƙima.

A shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa kada wani kayan azurfa ya bar hannun maƙeri sai shugabannin sana'ar sun gwada shi, sun tabbatar ya kai ma'aunin kuɗin ƙasa, sun kuma buga masa hatimi mai siffar kan damisa. Ma'aunin shi ne kashi 925 cikin 1,000 na azurfa, sauran kashi 75 kuwa jan ƙarfe, wanda ake kira sitalin, sunan da kuɗin Ingila yake amsawa har yau. Sulallan da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara bugawa a 1913, waɗanda aka kashe a Nijeriya, su ma a kan wannan ma'auni aka fara yin su.

Ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan ta samu takardar izini daga sarki a 1327. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya mallaki alamarsa ta kansa, ya riƙa buga ta a kan aikinsa. A 1478 ƙungiyar ta naɗa ma'aikaci na dindindin mai gwaji a zaurenta, Goldsmiths' Hall, aka kuma ƙara harafi guda wanda ake sauyawa kowace shekara. Manufar harafin ita ce a san mai gwajin da ya wuce da kaya idan daga baya aka gano algus a cikinsa, amma sai ya zame wa masu saye na baya kalanda. A da a Landan ana amfani da haruffa 20, idan suka ƙare a sake farawa da wani salon rubutu da wata siffar kewaye, ta yadda mai littafin jadawali zai iya faɗin shekarar cokali daidai. Hatimi na huɗu, hoton zaki yana tafiya, ya shigo a 1544, shekarar da Sarki Henry na Takwas ya fara rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar, kuma masana tarihi suna ganin an ƙirƙiro shi ne domin a nuna cewa kayan tebur ba su bi kuɗin sarki wajen lalacewa ba.

Yadda ake gwajin kuwa shi ne, a kankare ɗan kaɗan daga jikin kayan, a auna shi, a naɗe shi da darma a sa a wuta har sauran ƙarafan su rabu, sa'an nan a sake auna abin da ya rage. Kayan da ya gaza akan farfasa shi a mayar wa mai shi, ya yi asarar aikinsa duka. A yau ana amfani da na'urar haske mai ratsa ƙarfe, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: mai gwajin daban, mai sayarwa daban.

Haraji Da Masu Zamba

A ƙarshen ƙarni na 17 buƙatar kayan azurfa ta yi yawa har maƙera suka riƙa narka tsabar kuɗi, waɗansu mutane kuma suna yanke gefen sulalla suna sayarwa. Gwamnati ta sake buga kuɗin ƙasar baki ɗaya daga 1696, sa'an nan a 1697 ta ɗaga ma'aunin kayan tebur zuwa kashi 958 cikin 1,000, domin kada sulen da aka narka ya wadatar ba tare da an sake tace shi ba. Wannan sabon ma'auni, mai hatimin wata mace a zaune da ake kira Britannia, ya zama tilas har zuwa 1720, lokacin da aka maido da sitalin, aka bar wa mai so ya ci gaba da sabon.

Sai dai a wannan shekara ta 1720 aka ɗora harajin sisi a kan kowace oza ta azurfar da aka ƙera, kuma a wajen gwaji ake karɓarsa. Waɗansu maƙera sai suka ɓullo da dabara: su kai ƙaramin abu a buga masa hatimi su biya ɗan kaɗan, su yanke wurin hatimin su liƙa shi a gindin babbar buta. An soke harajin a 1758, aka maido da shi a 1784 tare da hatimi na biyar, hoton kan sarki ko sarauniya, wanda yake nuna an biya. Wannan hatimi ya ci gaba har 1890, saboda haka duk kayan da yake ɗauke da shi an san tsakanin shekarun da ya fito.

Gwamnati ba ta ɗauki jabun hatimi da wasa ba. Dokar 1757 ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi shi, kafin a sassauta a 1773 zuwa korar mutum ƙasashen ƙetare na tsawon shekara 14. A ƙarƙashin dokokin yanzu laifin yana iya jawo ɗaurin shekara 10.

Shayi, Sukari Da Baƙin Faransa

Abubuwa uku ne suka haɗu suka mai da ƙarni na 18 lokacin da sana'ar ta kai ƙololuwa. Na farko shi ne wadatar ƙarfen, wanda yake kwararowa Turai daga ma'adinan Meziko da na dutsen Potosi a ƙasar Bolibiya ta yau, inda aka gano azurfa a 1545. Na biyu shi ne sababbin abubuwan ci da sha. Shayi daga Sin, da gahawa, da cakulan, kowannensu ya zo da buƙatar butarsa, da kwanon sukari, da moɗar madara, da ƙananan cokula, da tire. Butar shayi ta azurfa mafi tsufa da aka sani a Ingila ita ce wadda Lord Berkeley ya ba Kamfanin Gabashin Indiya a 1670, tana gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan. A nan ne kuma cokali mai yatsu mafi tsufa mai hatimin Ingila yake, na shekarar 1632, mai yatsu biyu kacal. Sukarin da ake zubawa a waɗannan kwanuka kuwa daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwasa daga Afirka suke noma shi, kuma ribar wannan fatauci tana cikin kuɗin da aka biya maƙeran Landan.

Na uku shi ne zuwan ƙwararru. A 1685 Sarki Louis na 14 na Faransa ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin addini, dubban mutane suka yi hijira, cikinsu har da maƙera waɗanda suka koyi aiki a kan salon fadar Faransa. Irin su Pierre Harache, wanda ya riga sauran isowa, da David Willaume da Pierre Platel sun zo da ƙwarewa wajen zubi da ado mai kauri. Maƙeran gida sun yi ta kai ƙara ga ƙungiyarsu suna neman a hana baƙin aiki, amma masu kuɗi suka bi inda aiki ya fi kyau, har ta kai waɗansu 'yan gida suna ɗaukar baƙin aiki ko suna kwaikwayon salonsu.

Paul de Lamerie, mai butar da aka ambata da farko, ɗan irin waɗannan 'yan gudun hijira ne. An haife shi a Holan a 1688, aka kawo shi Landan yana jariri, ya shiga koyon sana'a a wurin Platel a 1703, ya yi rajistar alamarsa a 1713, kuma a 1716 ya zama ɗaya daga cikin maƙeran Sarki George na Ɗaya. Ya ci gaba da aiki da ma'aunin Britannia har 1732, shekara 12 bayan an daina tilasta shi. A shekarun 1730 ya zama jagoran wani salon ado mai cike da siffofin furanni, da ganye, da ƙwaryar kifin teku, da fuskokin mutane da dabbobi, waɗanda suke fitowa daga jikin ƙarfen kamar an sassaƙa su.

Duk da wannan suna, de Lamerie bai tsira daga zargi ba. A 1714 ƙungiyar ta ci shi tara saboda sayar da kaya ba tare da an kai su gwaji ba. A 1722 kuma wani yaro mai sharar bututun hayaƙi ya tsinci abin ado mai dutse mai daraja, ya kai shagonsa domin a gaya masa kuɗinsa. Yaron shagon ya cire dutsen, aka yi wa mai tsintuwar tayin kwabo ɗaya da rabi. Kotu ta yanke cewa mai tsintuwa ya fi kowa haƙƙi a kan abin da ya tsinta in ban da ainihin mai shi, ta kuma umarci a ƙiyasta diyya bisa dutse mafi tsada da zai shiga gurbin. Har yau ana karantar da wannan shari'a ga ɗaliban lauya a ƙasashen da suka gaji dokokin Ingila. De Lamerie ya rasu a 1751.

Bazawara, Ɗan Masana'anta Da Maƙerin Fada

Idan de Lamerie na sarakuna da manyan attajirai ne, Hester Bateman ta matsakaita ce. An haife ta a 1708, mijinta mai ƙera sarƙoƙi ya rasu a 1760 ya bar mata kayan aikinsa. A 1761, tana da shekara fiye da 50, ta yi rajistar alamarta mai haruffan HB, ta riƙe shagon da ke titin Bunhill Row tare da 'ya'yanta har ta yi murabus a 1790. Gidan Bateman ya yi amfani da injunan murza ƙarfe wajen samar da falle mai sirara, ya riƙa fitar da cokula da butocin shayi da gidajen gishiri masu sauƙin ado, da zane marar zurfi da jerin 'yan ƙwallaye a gefe. Ƙarancin ƙarfe da saurin aiki suka sauko da farashi, har mai shago da lauya da likita suka iya saye. Ba ita kaɗai ce mace a sana'ar ba, akwai irin su Eliza Godfrey da Louisa Courtauld, waɗanda su ma suka gaji shagunan mazajensu.

Abin da ya tilasta wa gidaje irin na Bateman rage farashi shi ne gasa daga arewa. Wajen shekarar 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano cewa idan aka haɗa fallen azurfa da jan ƙarfe a wuta suka manne, ana iya murza su tare kamar ƙarfe ɗaya. Kayan da aka yi ta haka suna kama da azurfa a ido, a kan kaso kaɗan na kuɗinta.

A Birmingham kuwa, Matthew Boulton, mai masana'antar Soho, ya gaji da aika kayansa zuwa Chester, tafiyar kimanin mil 70, domin a buga musu hatimi, inda sukan dawo a makare, wani lokaci kuma a lalace. Ya jagoranci kai kuka majalisar dokoki, maƙeran Landan suka yi adawa, amma a 1773 aka kafa ofisoshin gwaji a Birmingham da Sheffield. Birmingham ta ɗauki alamar ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, Sheffield ta ɗauki kambin sarauta, wanda ta sauya zuwa furen wardi a 1975.

Na ƙarshe cikin manyan sunayen shi ne Paul Storr, wanda aka haifa a 1770 ya rasu a 1844. Daga 1807 zuwa 1819 ya shugabanci ma'aikatar da take yi wa kamfanin Rundell, Bridge da Rundell aiki, wato maƙeran fada, waɗanda suka yi wa Yarima mai jiran gado, Sarki George na Huɗu daga baya, manyan kayan liyafa masu nauyi da ruwan zinariya. A nan ya kamata a lura da cewa alamar maƙeri tana nuna wanda ya kai kaya gwaji ya ɗauki alhakinsa ne, ba lalle wanda ya riƙe guduma ba. A ma'aikatar Storr akwai masu zane, da masu zubi, da masu sassaƙa, da masu gogewa, har ma shahararren mai sassaƙa John Flaxman ya zana wa kamfanin siffofi. Haruffan PS, a ma'anar kasuwanci, tambarin kamfani ne. Ribar da ke cikin harkar kuwa ta bayyana lokacin da Philip Rundell ya rasu a 1827 ya bar dukiyar da ta haura fam miliyan ɗaya.

Ruwan Azurfa Da Faɗuwar Yayi

A 1840 George da Henry Elkington na Birmingham suka yi rajistar haƙƙin hanyar ba ƙarfe ruwan azurfa da wutar lantarki. Cikin 'yan shekaru wannan hanya ta kashe sana'ar manna falle ta Sheffield, ta cika otal-otal da jiragen ruwa da gidajen ma'aikata da kaya masu ƙyalli. Irin waɗannan kaya ne suke ɗauke da haruffan EPNS, kuma azurfar da ke jikinsu ba ta fi fatar albasa kauri ba. Ita kanta azurfar ta yi araha a ƙarshen ƙarnin, bayan gano manyan ma'adinai a jihar Nevada ta Amurka a 1859 da kuma komawar Jamus da waɗansu ƙasashe ga ma'aunin zinariya a shekarun 1870.

Ƙarni na 20 ya zo da nasa. Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Sheffield a 1913, wanda ba ya buƙatar guga. Bayan yaƙin duniya na farko barorin gida, waɗanda su ne masu goge kayan, suka yi ƙaranci. Harajin gado da aka kafa a 1894, wanda ya yi ta hauhawa, ya tilasta wa manyan gidaje fitar da kayan kakanni kasuwa, attajiran Amurka da gidajen kayan tarihi suka saye da yawa. Ofisoshin gwaji na York da Exeter da Newcastle sun rufe tun a ƙarni na 19, na Chester ya rufe a 1962, na Glasgow a 1964. Huɗu ne suka rage a ƙarƙashin dokar hatimi ta 1973, wato Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh.

Lokacin Da Ƙarfe Ya Fi Aiki Tsada

Babbar barazana ga tsofaffin kayan azurfa ita ce tashin farashin ita azurfar. A farkon 1979 ana sayar da oza ɗaya, wato giram 31.1, a kan kimanin dala 6. Waɗansu attajiran jihar Texas, Nelson Bunker Hunt da ɗan'uwansa Herbert, suka yi ta sayen ƙarfen da takardun cinikinsa, mafi yawa da bashi, har farashin ya kusa dala 50 a watan Janairun 1980. Jama'a suka yi layi a ƙofar masu narkarwa a Landan da Amurka, ɗauke da cokula da butocin da suka gada, aka narka kaya masu yawa waɗanda ba za a sake samun irinsu ba. Da hukumomin kasuwa suka tsaurara ƙa'idoji, farashin ya rushe, ya sauko ƙasa da dala 11 a ranar 27 ga Maris, 1980. Farashin ya sake kusantar dala 50 a watan Afrilun 2011, sa'an nan ya haura ta a watan Oktoban 2025.

Duk lokacin da haka ta faru, kasuwar takan rabu gida biyu. Kayan manyan maƙera, masu tarihin mallaka a rubuce, ba sa jin tashi ko faɗuwar ƙarfe sosai, domin ƙarfen ɗan kaɗan ne cikin kuɗinsu. Kayan yau da kullum na zamanin Sarauniya Victoria da na ƙarni na 20 kuwa, waɗanda aka yi dubbai, farashinsu yana bin ma'auni ne, kuma su ne suke ƙarewa a wuta. Mai neman zuba jari yana kuma da sauran lissafi. Kayan azurfa ba sa haihuwar riba a shekara, suna cin kuɗin inshora da na ajiya, kuma la'adar da manyan kamfanonin gwanjo suke ɗora wa mai saye takan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye. Bugu da ƙari, kayan da ya haura shekara 50 kuma ya wuce wani adadin kuɗi ba ya fita Birtaniya sai da lasisi. Daron Lord Raby ma dakatar da fitarsa aka yi, har aka tara kuɗi aka saye shi a 2011 domin gidan tarihi na Temple Newsam da ke Leeds.

Abin Da Ƙwararru Suke Dubawa

Dillalan da suka daɗe a harkar, irin waɗanda suke da shaguna a rumbunan ƙarƙashin ƙasa na titin Chancery Lane a Landan, sukan fara ne da juya kaya su dubi gindi. Suna duba ko hatiman sun cika, ko suna wurin da aka saba buga su a irin wannan kaya, ko kuma murfi da jiki suna ɗauke da alama ɗaya. Sukan huro numfashi a kewayen hatimin, domin idan liƙa shi aka yi layin haɗin yakan bayyana. Sukan kwatanta nauyin da aka karce a gindi tun asali da nauyin yanzu, saboda babban bambanci yana nuna an rage ko an ƙara wani abu. Sukan taɓa bango da yatsa su ji ko ya yi sirara a inda aka goge tambarin gidan mai shi na farko. Sukan kuma yi hattara da ado, domin a zamanin Victoria an ɗauki kaya marasa ado na ƙarni na 18 an cika su da furanni, abin da yake rage musu daraja a yau. Guga mai tsanani ma asara ce, tana cinye zane da hatimi, tana kuma kawar da launin da shekaru suka ba ƙarfen.

Idan shakka ta taso, akwai kwamitin tsofaffin kayan azurfa da ƙungiyar maƙeran Landan ta kafa a 1939, wanda yake duba kayan da ake tuhuma. Wanda aka samu da jabun hatimi ko sauyin da ya saɓa wa doka, akan soke hatiminsa, kuma ba a sake sayar da shi a matsayin da yake da'awa.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai mai saye ya samu hanyar gane nagarin. Abin da Ingila ta yi tun 1300 shi ne ta ɗauke wannan nauyi daga kan mai saye, ta ɗora shi a kan mai gwajin da ba shi da kaso a cinikin, da kuma maƙerin da aka tilasta wa buga sunansa. Maƙeran sun yi ta gunaguni a kan kuɗin gwaji da jinkiri da haraji, waɗansunsu ma, har da de Lamerie, sun yi ƙoƙarin zamewa. Amma wannan tilas ɗin ne ya sa bayan shekara 275 wani ya amince ya biya fam miliyan 4.5 a kan aikin mutumin da bai taɓa gani ba.